Hannun Kaka na Hagu

Shekarun baya, ina ajin farko na sakandare, na bi mahaifiyata wurin aikinta a karon farko, kuma abin da idona ya fara sauka a kai da muka shiga shi ne ƙwaryar gidanmu. Wadda muka yi ta nema a kicin har muka haƙura. Da ɗinkin gefenta na gane ta, inda ta taɓa tsagewa aka kama da baƙin zare. Ga ta a kife a kan tebur tsakanin fiyano da jita, an manna mata 'yar lamba kamar sauran kayan asibiti, tana warin maganin goge hannu maimakon ƙamshin fura. Na kalli Mama, ta kawar da kai kamar ba ta san zancen ba.

Mahaifiyata malamar jami'a ce a nan Dubai. Da gashin ƙashi ta fara aiki a gida Najeriya, daga baya ta koma karatu har ta yi digirin digirgir a kan jinya ta hanyar kiɗa da waƙa. Wasu ranakun tana aji da ɗalibanta, wasu ranakun tana cibiyar da ake kai waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, da yamma kuma ta baje takardun bincikenta a teburin cin abinci, mu koma cin tuwo a ƙasa. Abin da take bincike a kai shi ne, a gari irin wannan da kowane majinyaci da yarensa, wane sauti ne yake isa gare shi: na littafi, ko wanda ya tashi yana ji a gidansu.

'Yan'uwanmu Hausawa na nan kuwa sun taƙaita duk wannan a suna ɗaya: Dakta mai ganga. In mun je walima a Al Warsan sai wata ta ɗaga murya daga can ƙuryar falo ta ce, "Dakta, yau ba a zo mana da kalangu ba?" Mama ta ce, "Kawo takardar likita tukuna, Hajiya, ba na kaɗa wa mai lafiya." A yi dariya, ita ma ta yi. Ni ce dai nake sunkuyar da kai ina ƙirga furannin kafet, don ni tun ina ƙarama magana ba ta cikin abubuwan da na iya. Ko a aji, in malama ta kira sunana, sai ta matso kusa kafin ta ji amsar.

Ba yawo na je yi ba a ranar. Ni nake tura keken Kaka.

Kaka mahaifiyar Abba ce. Kafin ciwon, in tana gida ba a kunna rediyo, don surutunta ya isa. Ita ce take cewa bakina na ado ne, wai an ba ni shi don a shafa masa man leɓe. Sai ga shi rana ɗaya a Kano ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na dama ya shanye, maganar ta tafi gaba ɗaya. Abba ya nemo mata biza ya kawo ta gidanmu a Al Karama. Kalma ɗaya ce ta rage a bakinta: "to". Ina kwana, to. Kin ci abinci, to. Ina ne yake miki ciwo, to. Mutane suna zuwa dubiya su yi ta zuba, ta ce to, su tafi suna cewa ai Hajiya da sauƙi, tana amsawa.

Da yake a ɗaki ɗaya muke kwana, kuma ni ba ni da aikin da ya wuce kallo, na lura da wani abu. In abin da aka faɗa ya yi mata, hannunta na hagu, mai lafiyar, yana nan a buɗe a kan cinyarta. In bai yi mata ba, bakin zai ce to ɗin nan dai, amma hannun zai damƙe gefen zaninta har jijiyoyin su fito. Na gaya wa Mama a kicin, a hankali. Ta ajiye ludayi ta dube ni da kyau, ta ce, "Ci gaba da kallon hannun nan."

A cibiyar ba Mama ce mai kula da Kaka ba, don ta ce a aikinsu ba ka zama likitan naka. Wata abokiyar aikinta ce, Balarabiya mai koyar da magana, ta karɓe ta. Ta taɓa fiyano a hankali, Kaka ta rufe ido. Ta kunna wani sautin Larabawa mai daɗi, Kaka ta juya tana kallon taga. Daga nan Mama ta nemi izini, ta jawo ƙwaryar nan ta ɗora a cinya, ta fara bugawa da tafin hannu da zobe. Ba wata waƙa ba ce. Lugude ne, irin yadda taɓare suke sauka bi da bi in mata sun haɗu a turmi ɗaya. Ban taɓa ganin lugude da idona ba, turminmu na nan ƙarami ne, a kan tawul ake ɗora shi saboda maƙwabcinmu na ƙasa. Amma Kaka ta san shi. Yatsun hannunta na hagu suka fara sauka a kan hannun keken, daidai da bugun, ba kuskure.

Balarabiyar ta ce, "Yalla, mu je, mun samu ƙofa."

A hanyar gida Mama ta yi min bayani yadda zan gane. Ta ce ciwon ya toshe babbar hanyar da magana take bi a ƙwaƙwalwa, amma kari da rerawa suna da tasu hanyar ta gefe, wadda sau da yawa ciwon bai taɓa ba. Aikinsu shi ne su ɗora kalma a kan kari, su bi da ita ta can har ta fito. Yadda ake yi kuwa ba wuya a ido: ka riƙe hannun hagu na majinyaci, ka rera gajeriyar magana da murya biyu kawai, sama da ƙasa, kana ɗan buga hannun a kan kowace gaɓa. Ku rera tare. Sannan ka riƙa janye taka muryar har ta rage tasa. Wahalar tana wurin jira. Mama ta ce mafi yawan mutane ba sa iya jira, sai su ƙarasa wa mara lafiya maganarsa don tausayi, su ƙwace masa ita.

"Ke kuwa," ta ce, "jira ba zai ba ki wuya ba."

Haka na samu aiki. Mama ta dawo da ƙwaryar gida, kullum bayan la'asar ta riƙe ta, ni in riƙe hannu.

An ɗan yi gardama a kan abin da za a fara koya mata. Abba ya so a fara da "na gode", saboda masu zuwa dubiya. Mama ta ce a'a. Ta ce mutumin da aka kwantar ana juya shi, ana ba shi abin da aka ga dama, ba godiya ce ta fi yi masa gaggawa ba. Da "ba na so" aka fara, sai "ina so", sai "ba ni ruwa", sai "zauna". Da aka zo kan sunayen 'ya'yanta, Balarabiyar ta fara da na babba, Baffana, yayan Abba. Kaka ta damƙe zani ta rufe baki gam. Matar ta ɗauka kalmar ce ta yi mata nauyi, sai da Mama ta yi mata bayani cewa ɗan fari ne, kuma ko da lafiyarta Kaka ba ta taɓa kama sunansa ba. Mai sunan Malam take ce masa. Balarabiyar ta ce ai wannan ya fi tsawo da wuya. Mama ta ce, "Ya fi tsawo, amma shi ne nata." Daga baya na ji har a aji ta ba ɗalibanta wannan misalin.

An ɗauki makonni ba abin da yake fita sai gunji. Sai wata safiya Abba ya kawo mata kunun nan na Turawa na kwali, wanda ya yi imani da shi kamar shi ya ƙirƙiro shi. Ya ɗebo a cokali ya kai bakinta. Kaka ta ɗaga hannun hagu da kanta, ta buga a kan hannun keke, ta rera da wata murya mai kaushi da ban taɓa ji ba: "Ba... na... so."

Cokalin ya faɗi. Abba ya zauna a ƙasa yana kuka yana dariya, yana cewa, "Wata nawa ina ba ki abin nan, Hajiya!"

Murnar nan ta Abba ce ta jawo mana. Washegari da la'asar ya ɗauki bidiyo ya tura zauren danginmu na waya, bai ko rubuta bayani ba, sai "Alhamdulillah" kawai. Ku tsaya ku ji abin da ke cikin bidiyon. Tsohuwa a zaune an lulluɓa mata farin mayafi saboda na'urar sanyin ɗaki, idonta a rufe, tana rangaji. Mace a gabanta tana kaɗa ƙwarya. Yarinya ta riƙe mata hannu tana gunji. Daga gefe kuma hayaƙin turaren wuta yana tashi, don Mama takan kunna shi saboda warin magani. Mu da muke ciki ba mu ga komai ba. A Kano kuwa ba wanda ya ga jinya. Girka suka gani. Kafin magariba saƙonnin murya sun cika wayar Abba: an kai Hajiya Dubai an saka ta a bori.

Baffa ɗan kasuwa ne, yakan zo yin kago, wato sayen kaya a tura gida, ya sauka a otal a Al Rigga, sai ya gama harkarsa yake leƙo mu. Wannan karon daga filin jirgi gidanmu ya wuto, da jakarsa a hannu. Mama ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon bango.

"Da aka ce min matar ƙanena kiɗa take koyarwa, na yi shiru," ya ce. "Na ce can tsakaninta da Turawa da Larabawa. Amma uwata? Mu gidanmu ba maroƙi, ba ɗan bori. Matar da ba ta taɓa tsayawa kallon masu ganga ba, yau da ba ta iya kare kanta ita za a kafa wa ƙwarya?"

Mama ta ce, "Yaya, ba abin da kake zato ba ne. In ka yarda gobe mu je cibiyar, ka ga likitocin, ka ga sauran marasa lafiya."

"Ba inda za ni."

Abba ya ce, "Yaya, shwaiya shwaiya, a bi abin a hankali..."

"Kai rufe min baki, kai da ka tsaya kana ɗauka. Khalas, magana ta ƙare. Na yanki tikiti." Ya juya wurin Kaka, ya sassauta murya. "Hajiya, mu koma gida ko?"

Kaka ta ce, "To."

"Kun dai ji."

Ina tsaye a bakin ƙofa. Na ga hannun ya damƙe zani. Na buɗe baki, ba abin da ya fita.

Abba ba zai iya ja da Baffa ba. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya tsaya masa har ya gama karatu. Da Baffa ya tafi otal, na ji Abba a kicin yana ce wa Mama ta daure ta ba shi haƙuri, a wuce wurin. Mama tana yanka albasa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Zan ba shi haƙurin tashin hankalin da bidiyon ya jawo masa, don na san ya tsorata. Uwarsa ce, ya ce a daina, na daina. Amma ba zan ba da haƙuri a kan aikina ba. Shekaru na yi ina karanta shi. Ba abin kunya na yi ba, kuma gobe ina da aji."

Da safe ta saka ƙwaryar a jaka ta koma da ita wurin aiki. Ba ta ɓoye ta a ƙasan takardu ba, a sama ta ɗora ta, rabinta a waje, ta shiga jirgin metiro da ita haka.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi nauyi da na sani a gidan nan. Ba wanda yake faɗa, kowa yana gaida kowa. Amma kullum aka idar da la'asar, sai in ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga ɗakinmu. Kaka ce take buga hannun keke ita kaɗai, tana kallon ƙofa. In ta gaji ta daina. Kalmomin da aka sha wuya aka tono suka fara komawa. Na kawo mata ruwa, na jira ta ce "ba ni ruwa" kamar yadda ta fara yi, sai ta dube ni ta ce, "To." Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni.

Ana gobe tafiya Baffa ya zo cin abincin rana. Akwatin Kaka yana bakin ƙofa an ɗaure shi da igiya. Bayan sun dawo daga masallaci aka turo ta falo, aka ce in kawo shayi. Na shigo da faranti. Baffa yana tsaye yana waya da mai kago, Abba yana zaune ya haɗa tagumi. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Har yau ban san abin da na yi tunani a lokacin ba. Na dai san na ajiye farantin a ƙasa, na durƙusa a gaban keken, na kama hannunta na hagu.

Baffa ya sauke wayar. "Ke, me kike yi?"

Na ce, "Baffa, ba a tambaye ta ba."

"Me ta ce?" Ya juya wurin Abba. "Me 'yar nan take cewa? Ɗaga murya!"

"Ba a tambayi Kaka ba."

"A gabanki na tambaye ta, ta ce to."

"Komai aka ce mata to take cewa." Na ƙara riƙe hannun Kaka. "Ka tambaye ta ko a zuba mata gishiri a shayi."

Baffa ya dube ni kamar kujera ce ta yi magana. Ban ga laifinsa ba, ina jin tun da aka haife ni bai taɓa jin na haɗa kalma biyar ba. Abba ne ya matso, ya ce a hankali, "Hajiya, a zuba miki gishiri a shayin?"

Kaka ta ce, "To."

Hannunta a cikin nawa ya matse yatsuna har na ji zafi.

Babu ƙwarya, babu turare. Ni kuma ba murya gare ni ba, in na rera abu kamar ƙofar da ta daɗe ba ta ga mai ba. Haka na fara, ina buga hannunta a kan gwiwarta, sama da ƙasa, ba kalma, kari kawai, har na ji kafaɗarta ta saki. Ban ɗago ba na ce, "Baffa, yanzu ka tambaye ta."

Ya saka wayar a aljihu. Sannan ya ce, da muryar wanda yake so a gama, "Hajiya, wannan abin da ake miki, a daina shi ko?"

Leɓenta ya fara motsi. Ba abin da ya fito. Abba ya buɗe baki zai taimaka, na girgiza masa kai, ni, mahaifina. Na ci gaba da bugawa. Na'urar sanyi tana ta huci, a ƙasa wata mota tana ta hon. Jiran ya yi tsawo har na fara jin na kunyata kaina na kunyata Mama a banza.

"Ba... na... so."

Baffa ya ja da baya kaɗan. Tun da ta faɗi bai ji wata kalma daga bakinta ba sai to. Amma ya dake, ya ce, "An cusa mata ne. Abin da aka koya mata take maimaitawa."

Mama tana bakin ƙofar kicin, ban san lokacin da ta fito ba. Ta ce, "Yaya, tambaye ta wani abin."

"Hajiya, kina son komawa gidanki Kano?"

Wannan karon ba ta daɗe ba. "I... na... so."

A raina na ce shi ke nan, da hannuna na ƙarasa mu. Baffa ya buɗe hannuwa ya ce, "To kun ji! Da bakinta!"

Mama ta ce, "Mun ji, Yaya. Na farkon ma da bakinta ne. Tana son gidanta, tana kuma son maganarta. Ba ni na zaɓa mata ko ɗaya ba."

Baffa ya fara sintiri a ɗan falon namu, yana magana da sauri, yana cewa ga abin da mutane suke faɗa a gida, ga kawunnansu, ga limamin unguwa da aka tura wa bidiyon, shi da wane ido zai kalle su. Ana cikin haka Kaka ta zare hannunta daga nawa. Ta ɗora shi a kan hannun keke, ta buga da kanta, tana kallonsa.

"Mai... su... nan... Ma... lam."

Ya tsaya cak.

"Zau... na."

Akwai kujera a bayansa, amma a kan kafet ya zauna, nan inda yake, mutum mai furfura a gemu. Ya cire hula ya riƙe. Can ya goge fuska da hannun riga ya ce sanyin na'urar nan tamu yana sa masa ruwan ido, a rage shi. Na tashi na rage.

Kada ku zaci ya ba Mama haƙuri. Bai ba ta ba, har yau. Ya dai ɗaga tikitin, ya kuma kafa sharuɗɗa: ba turare in ana yi, ba farin mayafi, kuma a karɓe wayar nan daga hannun Abba. Kafin ya koma ya bi Mama cibiyar sau ɗaya, ya zauna a baya ya harɗe hannu, ya ga wani dattijo ɗan Pakistan yana koyon taku da bugun ganga, ɗaliban Mama suna biye da shi. Da suka fito abin da kawai ya tambaya shi ne wa ya ba su izinin manna wa ƙwaryar mutane lamba.

Kaka ta ƙara watanni a wurinmu. Maganarta ba ta dawo yadda take da ba, kuma Mama ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin za ta dawo ba. Amma ta samu abin da za ta nemi ruwa, ta kori kunu, ta kira 'ya'yanta, ta kuma ce min "mai bakin ado" a rere, wanda ba wanda ya koya mata.

Yanzu ina shekarar ƙarshe a sakandare. Har yau ba ni da surutu, malamai suna matsowa kafin su ji ni. A walima har yau ana cewa Dakta mai ganga, ko da yake an ƙara wa Mama girma a jami'a, ɗalibanta ma wasu sun fara koyarwa. Abin da ya canza shi ne na daina ƙirga furannin kafet. Kwanan baya wata ta tambaye ni me zan karanta, na ce abin da Mama ta karanta. Ta ce, "Ke ma gangar?" Na ce, "Ƙwarya dai." Ta yi dariya, ni ban yi ba, har tata dariyar ta ƙare.

In na tuna ranar nan, ba jarumta nake gani ba, don na san irin tsoron da na ji. Abin da ya zauna min shi ne yadda mutanen da suke ƙaunar Kaka da gaske suka kusa ɗauke ta daga abin da take so, suna ganin da yardarta ne. Baffa ba mugu ba ne, tsoro ya ji, kuma abin da ya gani a waya ya yi kama da abin tsoro. Amma ni na zauna a cikin shiru tun ina ƙarama, na san sau nawa aka yanke min abu aka ce ai ba ta ce komai ba. Ban yarda a yi wa wani haka a gabana ba kuma, ko wane ne mai yin.

Saura abu ɗaya. Da lokacin komawar Kaka ya yi da gaske, Baffa ya zo ɗaukarta, don a gidansa take zaune a Kano. Mama ta damu, ta ce in ba a ci gaba da yi kullum ba, abin da aka samu zai riƙa zubewa, ga shi ba ta san wanda zai riƙe hannun a can ba. Ta yi niyyar ta nemi wata ma'aikaciyar asibiti, ta yi niyyar ta kira matan gidan a waya. Ni kuwa na riga na lura da wani abu. Duk ranar da Baffa yake falo muna yi, yakan buɗe wayarsa kamar yana duba lissafin kaya, amma babban yatsansa yana sauka a kan gwiwarsa daidai da kowace gaɓa.

Da la'asar ɗin ƙarshe na tura keken Kaka har gabansa. Ya ɗago ya ce, "Ke kuma, yau da me kika zo?"

Na durƙusa, na ɗauki hannun Kaka na hagu na miƙa masa.

Na ce, "Baffa, don Allah ajiye wayar ka kawo hannunka. Zan nuna maka yadda ake riƙewa."